Na mayar da Kosta gidan kwana, yanzu ina son sayarwa: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Birnin Kebbi. A 2021 na sayi Toyota Coaster mai shan gas, inji 1HZ, a hannun wani kamfani da ke jigilar ma'aikatansa da ita. Na cire kujerun, na sa gadaje, wurin girki, banɗaki, tankin ruwa, sola da batura da firji, don mu riƙa yawon buɗe ido da iyali muna kwana a ciki. Mun je Yankari sau ɗaya, mun je Argungu da Yauri, sau biyu Kano. Yanzu ta fi shekara a ajiye saboda tsadar gas da halin da hanyoyi ke ciki. Abin da na kashe wa cikinta ya kusa kuɗin da na saye ta. Dillalan da suka zo duk tayin banza suke yi. Yaya zan yi in sayar ban faɗi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba, don gara ka ji shi yau da ka gano da kanka bayan motar ta ƙara shan ranar wani bazara a ƙofar gida. Kuɗin da ka zuba wa cikin motar nan ba zai dawo duka ba. Na fi shekara ashirin tsakanin gareji da dillancin bas, daga nan Birnin Kebbi zuwa Jega da Sakkwato, kuma irin taka sau biyu kacal ta taɓa biyowa ta hannuna. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka faɗin kasuwarta.

Dillalan da suka zo ba raina ka suka yi ba. Dillali in ya leƙa mota, ba katakon da ke ciki yake kallo ba, fuskar mai sayen da ya sani yake hangowa. Waɗanda ya sani kuwa su ne mai makarantar kuɗi da ke neman motar ɗaukar yara, da mai sufuri da zai sa ta layin Sakkwato ko Kwantagora, da kamfani mai ma'aikata. Duk waɗannan kujera suke saye. Doguwar Kosta tana ɗaukar mutum wajen 30, kuma kowace kujera kuɗi take kawowa kullum. Gadon nan naka da kafinta ya ɓata sati uku yana gogewa, a idonsu aiki ne ya ƙaru: a biya wanda zai ɓamɓare, a biya mai walda ya toshe ramukan da aka huda, a nemo kujeru, a ɗaura. Shi ya sa suke taya ta ƙasa da sa'arta da ba a taɓa ba.

Saboda haka tambayata ta farko gare ka ita ce: ina kujerun? In suna nan a jibge a sito ko a bayan gida, to ka tashi yanzu ka duba kada gara da ɓera su gama da su, domin su ne rabin maganin matsalarka. Kujerun Kosta na asali, da ƙafafunsu da ƙananan nan masu naɗewa na tsakiya, suna da tsada kuma ba a samunsu cikakku da sauƙi. Na ƙirar gida da masu walda ke yi, mai saye yana gane su daga bakin ƙofa. In kuwa ka sayar da su tun 2021, to sai ka sa kuɗin wasu a lissafin abin da za a rage maka.

Akwai abu ɗaya da ke gefenka, kuma ba ƙarami ba ne. Ka saya kafin a saki naira a watan Yunin 2023. A lokacin dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, a 2024 kuwa ta haura 1,500. Duk wata tsohuwar Toyota mai lafiya kuɗinta ya tashi da wannan. Yana yiwuwa ƙwarai adadin da za a ba ka ya kai, ko ma ya wuce, jimlar kuɗin saye da na gyara. A takarda ba ka faɗi ba ke nan. Sai dai kuɗin ba zai sayo maka irinta a yau ba. Ka san wanne kake nufi da faɗuwa kafin ka zauna ciniki, don na ga mutane sun ƙi tayi mai kyau saboda sun cakuɗa lissafin biyu a kai.

To ina kuɗin motar yake? Yana cikin inji, da bodi, da takardu. Bari in daɗe kan injin, don shi ne dukiyarka ta gaske.

1HZ inji ne mai silinda shida, lita 4.2, ba turbo, wanda Toyota ta fara yi a 1990, kuma shi ne a cikin Land Cruiser da yawa da ke shiga daji. Ba shi da kwamfuta, famfon mansa na ƙarfe ne zalla. Ba shi da gudu, a hawa sai ka yi haƙuri da shi, amma kusan duk bakaniken gas a ƙasar nan ya san cikinsa, kuma kayansa ana samu a Kano da Sakkwato. Mai saye da ya san mota, da ya ji 1HZ zai gyara tsayuwa. Amma ba da baki zai yarda ba. Zai ce ka bar ta ta kwana, ya zo da sassafe da bakanikensa. Farkon abin da bakaniken zai yi shi ne ya ɗora tafin hannu a kan injin. In ya ji ɗumi, ya san an riga an tayar kafin su iso, kuma daga nan duk abin da ka faɗa zai raba shi biyu. Kada ka tayar. Ka bar shi ya murza makulli da kansa, ya jira hita, ya ji bugu nawa take yi kafin ta kama.

Daga nan zai zagaya baya ya tsaya wajen salansa. Baƙin hayaƙi idan an taka totur yawanci nozul ne ko iya kilina, wato matatar iskar inji, da ƙurar hunturu ta toshe, wannan gyara ne mai sauƙi, ka yi shi kafin kowa ya zo. Shuɗin hayaƙi yana nufin tana ƙona baƙin mai, zancen ringi ke nan, kuɗi ne. Farin hayaƙi na ɗan lokaci da sanyin safiya ba komai ba ne, amma wanda ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, musamman in ruwan lagireto yana raguwa, to gaskit ne ko kan injin ya tsage. 1HZ yana yafe kusan komai ban da zafi. In ta taɓa tafasa a hannunka, ka tuna ranar da abin da aka yi mata, don za a tambaya. Bakaniken zai kuma buɗe murfin baƙin mai inji na aiki ya ga ko yana huci. Ɗan tururi ba laifi, amma in murfin yana rawa yana neman tashi, injin ya gaji.

Sai taimin bel. Wannan injin da bel yake aiki, kuma in ya tsinke a kan gudu, bawul da fistin za su gaisa, ka shiga aikin buɗe inji. Mu a gareji ba ma barin sa ya wuce kilomita 100,000, kuma roba ce, ko ba a tafiya shekaru suna cin ta. In ba ka sauya ba tun da ka saya, ka sauya yanzu ka ajiye rasiɗi da tsohon bel ɗin a leda. Ba wani kuɗi mai yawa ba ne idan ka auna da kuɗin motar, amma yana rufe bakin mai neman ragi.

Wani abu kuma da na gani a ɗaya daga cikin biyun da na faɗa maka. Injin Kosta ta cikin mota ake isa gare shi, ta murfin da ke ƙasa kusa da direba. Kafintan da ya yi aikin waccan motar ya kafa kabad ɗin girki rabinsa a kan murfin, ya ɗaure da kusoshi. Da bakaniken mai saye ya ce a buɗe masa inji, sai da aka nemo guduma. Cinikin bai kai la'asar ba. Ka duba taka.

Ka ce ta fi shekara a ajiye. Kada ka ɗauka wannan abin yabo ne. Masu mota suna son cewa "ai ba ta aiki, a ajiye take," su kuwa masu motocin gas sun san zama ya fi tafiya lalata ta. Tankin Kosta lita 95 ne, in aka bar shi rabi, raɓa tana taruwa a ciki, ruwa ya kwanta a ƙasa, wani baƙin kauci ya fito ya toshe filta, in an yi rashin sa'a ya kai ga famfo. Robobin birki da na kuloci suna bushewa. Batura biyun nan nata, don Kosta mai gas wutarta volt 24 ce ba 12 ba, suna mutuwa a tsaye. Tayoyi shida da safaya kuwa rana tana tsattsaga gefensu ko da zanen ƙasan bai goge ba. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC, shekara huɗu take ba taya. Mai saye zai durƙusa ya karanta, ya ninka kuɗin taya sau bakwai a kansa ya cire daga tayinsa. Ban ce ka sayi sababbi ba, ba za ka mayar da kuɗin ba. Ka dai san da zancen. Abin da za ka yi shi ne ka zubar da tsohon man, a wanke tanki, a sauya filta, a yi juye, a duba birki, sannan ka riƙa fita da ita duk sati, ko zuwa Kalgo ne ka dawo, sau ɗaya kuma ka kai ta Argungu ko Jega don inji ya yi zafi sosai ka ga halinta kafin wani ya gane maka.

A gefen bodi, maƙiyinka shi ne duk inda aka huda. An huda rufi don ƙafafun sola, an huda ƙasa don bututun banɗaki da na wanke-wanke, wataƙila an huda gefe don igiyar wuta. Kowane rami ƙofar ruwa ce. Ruwan damina yana bi ta nan ya shige bayan filawud inda ido ba ya gani, tsatsa ta yi ta ci a ɓoye. Ka sa yaro ya hau sama da tiyo ya yi ta zuba ruwa kai kana ciki kana kallo. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa wajen banɗaki da ƙarƙashin tanki ka danna da sukudireba. Abin da ka samu ka gyara, wanda ba za ka gyara ba ka faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ka fi ni sanin cewa a shari'a mai saye yana da damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Ban da haka ma, Birnin Kebbi ba ta da girman da za ka sayar wa mutum ruɓaɓɓiyar ƙasa ku daina haɗuwa a masallacin Juma'a.

Akwai kuma hujja mai kyau da za ka iya kafawa, kuma gaskiya ce. Kosta ta haya cike da fasinja 30 tana ɗauke da wajen tan biyu na mutane, ban da buhunan da ake cusawa. Taka, ko da tankin lita 200 ne a cike, kilo 200 ke nan, ga batura, ga katako, ga iyali, da wuya ta kai wannan nauyin. Ma'ana sifirin da giya da kuloci ba su sha wahalar da motar tasha ke sha ba. Wannan ka faɗe shi da ƙarfi. Ka kuma duba ko sitiyarinta na asali ne a hagu. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma yawancin bas da aka yi wa kasuwar Japan sitiyarinsu a dama yake, sai a juya shi a nan. Wadda aka juya ana gane ta da ƙofar fasinja da ke buɗewa ta tsakiyar titi ko alamar yanka a dashbod, kuma kuɗinta bai kai na asali ba. In taka ta asali ce, wannan ma kuɗi ne.

Yanzu wa zai saye ta yadda take, da gadajenta?

A Ostireliya, inda Kosta da aka mayar gida take da kasuwa sosai, mutum yana da filayen da aka tanada, ya faka ya jona wuta ya kwana. Mu nan ina za ka faka? Kai da kanka ka ajiye ta saboda hanya. Wanda zai kwana da matarsa da 'ya'yansa a bakin daji tsakanin Koko da Yauri, ko ta wajen Zuru da Danko-Wasagu, ko a hanyar Gusau zuwa Funtuwa, a wannan zamani, ba yawon buɗe ido ya fita ba. Ta yamma ma, wajen iyakar Nijar, tun ƙarshen 2024 zancen Lakurawa ya hana mutane sakewa. Ga zafi: daga Maris zuwa Mayu muna haura digiri 40, kuma akwatin ƙarfe da ya wuni a rana ba ya kwanuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, ita kuwa tana shanye batura kafin tsakar dare. Ga gas da ya tashi tun 2022 har ya haura naira 1,000 a lita, motar kuma a abin da na saba gani kilomita biyar zuwa bakwai take yi da lita guda. Don haka kada ka tallata ta a matsayin motar shaƙatawa kawai. Mai neman wannan a jihar nan, in akwai shi, mai yiwuwa kai ne.

Ka tallata ta a matsayin ɗaki da ofis mai tafiya. Ɗan kwangilar hanya ko na gina rijiyoyin burtsatse, wanda injiniyoyinsa ke wata guda a ƙauyen da ba masauki. Manomin shinkafa babba da ke da fadama nesa da gari, yana son wurin da zai wuni ya yi sallah ya huta lokacin noman rani. Ƙungiyoyin lafiya masu zuwa ƙauyuka duba ido ko awon ciki: gado, ruwa, wuta da firjin ajiye magani, ai rabin asibitin tafi-da-gidanka ka riga ka haɗa musu. Masu shirya fim a Kano da Kaduna, waɗanda ke buƙatar wurin sauya kaya da kwalliya a wajen ɗauka. Ƙungiyoyin wa'azi masu zagaya jihohi da malamai dattawa. Sai 'yan siyasa, waɗanda in kakar zaɓe ta matso suna sayen abin da ko a mafarki ba za su saya ba a sauran shekaru. Ta biyun da ta biyo ta hannuna ɗan kwangila ne ya ɗauka, kuma abin da ya sa ya saya ko kusa ba gadon ba ne, banɗakin ne da firjin.

Irin waɗannan ba a tashar mota ake samunsu ba, kuma yawancinsu ba a Kebbi suke ba. Ka sa ta a shafin saye da sayarwa na Jiji da Facebook, ka ba dillalan Abuja da Kano da Kaduna hotuna. Ka yi bidiyo guda ba yankewa: daga tayar da inji da safe, zuwa hayaƙin salansa, zuwa cikin motar, famfo na zuba, fitilu na ci. Ka rubuta shekararta, injinta, abin da mita ta nuna, ƙarfin sola da inbata, da shekarun batura. Kafin hoto a kwashe kayan iyali, a wanke banɗakin nan da tankinsa har sai wanda bai saba da motar ba ya shiga ya ce bai ji komai ba. Hancinka ya saba, kada ka yarda da shi.

Wuta da tukunyar girki kuwa, a samo rewaya na kirki ya bi su. Abin da na fi tsoro a motocin da aka yi wa irin wannan aiki shi ne wayar gida da aka ja ta bayan katako ba fis, da kuma masu satar wuta 12 daga batir ɗaya cikin biyun motar, abin da ke kashe batir ɗin da wuri. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwantawa, don haka tukunyar tana son akwatinta daban mai rami ta ƙasa zuwa waje. In ba haka aka yi ba, cire tukunyar gaba ɗaya ka sayar da motar babu ita. Janareto kuma a gaya wa mai saye ƙarara kada ya kwana da shi a kunne kusa da taga. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta wari, ta kashe gidaje da yawa a ƙasar nan.

Ga yadda zan sa mata kuɗi in tawa ce. Zan nemi Kosta uku masu kujeru, shekara ɗaya da inji ɗaya da tawa, waɗanda aka sayar da gaske, ba kuɗin da aka rubuta a talla ba, don na talla fata ne kawai. Daga wannan zan cire kuɗin mayar da kujeru da toshe ramuka. Sannan in ƙara abin da kayan da ke ciruwa za su yi a kasuwar na hannu: faifan sola, inbata, firji, na'urar sanyi, famfon ruwa. Waɗannan suna da masu so a garin nan fiye da motar kanta, kowa ya san halin wutarmu. Batura dai kada ka sa musu rai, in na ruwa ne kuma tun 2021 suke, zafinmu ya gama da su, kuɗin gwangwan za su yi. Abin da lissafin ya ba ka shi ne ƙasan farashinka, ƙasa da shi ka ce albarka. Ga mai son ta da kayanta sai ka ɗora wani abu a kai, amma a ganina in ka samu kashi ɗaya cikin uku na abin da ka kashe wa katako da tayil da labule, ka sallama. Ka ba wannan hanya wata uku. In ba wanda ya zo da gaske, ka kwance kayan ka sayar daban, ka mayar da kujeru, ka kai ta inda ake sayar da bas. Masu makarantu suna nema gab da dawowa daga hutu a Satumba, kuɗi kuma yana yawo a hannun mutane bayan kaka. Ka dai sani, tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 aka shiga zancen mayar da motoci masu amfani da iskar CNG, wasu masu sufuri sun fi karkata ga injin fetur don shi ya fi sauƙin juyawa. Masu dogon zango da kaya har yanzu gas suke so.

Dillali ka yanke la'adarsa da shi tun farko, a gaban shaida, kuma ka ce kai za ka yi magana da mai saye baki da baki. In ba haka ba, zai ɗora nasa a sama, wani dillalin ya ɗora a kan nasa, motarka ta yi tsada a kasuwa kai kuma ba ka gani ba.

Saura takardu, kuma a jihar da ke da iyaka da Nijar da Benin ba a wasa da su. Takardar kwastam ita ce uwa. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma duk wanda zai bi hanyar Kamba ko ya gangara kudu ya san za a tare shi a tambaya. Ka tabbatar lambar shasi da ke jikin ƙarfe ita ce a takardar kwastam, ita ce a shaidar mallaka, ita ce a lasin, harafi da harafi. Ka ce a hannun kamfani ka saya: akwai takardar sayarwa mai hatiminsu? Ka mayar da sunanka, ko har yanzu sunansu ne a kai? In an canza inji ko fenti, takarda ta nuna? Lambar mai jan rubutu ta haya ce, mai shuɗi ta gida, mai saye zai so ya san wacce zai gada. Sabunta lasin da inshora da takardar VIO kafin ka fitar da ita, kuɗi kaɗan ne amma yana sa a yi gwaji a titi hankali kwance. In ka sa baƙin gilas don iyali, ko dai ka nuna izinin 'yan sanda ko ka ɓare ledar. Mota mai labule da gadaje da baƙin gilas, a shingen jami'an tsaro na yanzu, sai an sauke kowa an bincika.

Wajen gwaji kada ka ba baƙo makulli ya tafi, kada kuma ka bi shi kai kaɗai. Ka ɗauki mutum biyu, da rana, a hanyar da ka zaɓa. Wanda ya kira daga nesa ya ce zai turo kuɗi direbansa ya zo ya ɗauka ba tare da ya gani ba, ka yi hattara, ba mai cinikin biri a sama da miliyoyi. Alat na waya ba kuɗi ba ne, sai ka buɗe asusunka ka gani da idonka, ko ku je banki tare. Kada ka karɓi buhun kuɗi a gida: dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta wuce naira miliyan 5 ba ta banki ba. In an ba da kafin alƙalami, a rubuta ranar cikawa da abin da zai faru in ba a cika ba, motar kuma tana gidanka har sai an cika.

Ka san wanda kake sayar wa. Mota ce da mutum goma za su iya rayuwa a cikinta a daji ba su nemi gari ba, ka gane abin da nake nufi. Ka karɓi kwafin katinsa na ɗan ƙasa da hotonsa, a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu kowane ɓangare, da kwanan wata har da ƙarfe nawa aka miƙa makulli. Sannan ku je ofishin lasin tare a yi canjin mallaka, kada ka yarda da "zan yi daga baya." Na taɓa sayar da wata Hiace tawa ga wani mutumin kirki, muka yi musabaha, ya ce sati mai zuwa zai canza suna. Shi ma ya sayar, wanda ya saya ya sake sayarwa. Bayan shekara biyu motar ta buge mai babur a wata jiha, direban ya gudu ya bar ta, aka bi lamba, sunana ya fito. Kwana uku ina zirga-zirga, kuma abin da ya fitar da ni wata 'yar takarda ce da uwargidana ta adana a cikin kwalla, mai sa hannun shaidu biyu, ɗayansu ma ya riga ya rasu.